Mamman Shata: Daga Dandalin Musawa Zuwa Gidan Rediyon Kaduna

Akwai wata kalma da mu 'yan boko muka saba liƙa wa marigayi Alhaji (Dokta) Mamman Shata Katsina, wadda a ganina ba ta yi masa adalci ba, kalmar kuwa ita ce gargajiya. Da zarar an ambaci sunansa a taron ƙara wa juna ilmi ko a wani shirin rediyo, sai ka ji an ce shahararren mawaƙin gargajiya, kamar dai wani tsohon kaya ne da aka gada kaka da kakanni aka jingine a rumbu. Alhali kuwa duk wanda ya bi tarihin mutumin nan a tsanake zai tarar cewa bai gaji kiɗa ba, bai kuma tashi a fada ba. Shata ɗan zamani ne, zamanin jirgin ƙasa da motar lodi da kuɗin gyaɗa da auduga, uwa uba kuma zamanin rediyo. Shi ya sa ba a iya ba da labarinsa a tsallake Kaduna, duk da cewa ba nan aka yanke masa cibiya ba, ba nan ne kuma mazauninsa ba.

An haife shi a garin Musawa ta ƙasar Katsina cikin shekarar 1923, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuma Lariya, gidansu gidan Fulani ne da ba a san shi da ganga ba. Ya yi karatun allo kamar sauran yaran garinsu, da ya tasa ya shiga tallan goro, daga baya ya koma tallan alewa. Laƙabin Shata wani ɗan uwansu ne mai suna Baba Salamu ya raɗa masa, tun kafin kowa ya san inda sunan zai kai. Waƙa kuwa a dandali ya fara ta, wurin da samari da 'yan mata kan hallara bayan cin tuwon dare, musamman in ana farin wata, ana kiɗa ana tafi ana waƙoƙin asauwara. A wancan lokaci ba don kuɗi yake yi ba, nishaɗi ne irin na ƙuruciya, sai dai Allah ya ba shi murya da saurin sarrafa magana fiye da sa'o'insa, har ya zamana in ya buɗe baki sauran sai dai su koma amshi.

Mahaifinsa bai so ba, kuma duk wanda ya san ƙasar Hausa ta wancan zamani ba zai ga laifin dattijon ba. Kiɗa sana'a ce ta gado, kamar ƙira da fawa da wanzanci, kuma a jerin sana'o'i tana can ƙasa. Makaɗi maroƙi ne, roƙo kuwa abin kunya ne ga ɗan gidan da ya dogara da noma da kiwo da fatauci. Bature masanin halayyar al'umma, M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau ya kuma wallafa maƙala a kan roƙo a 1957, ya nuna yadda al'ummarmu ke buƙatar maroƙi ta kuma raina shi a lokaci guda: shi ke bayyana wa jama'a wane ne wane, amma ba a son a haɗa zuri'a da shi. Saboda haka sa'ad da Mamman ya ajiye farantin alewa ya rungumi waƙa, a idon danginsa gangarowa ya yi daga bisa zuwa ƙasa, da ƙafarsa, babu wanda ya tura shi.

Abin kiɗan da ya zaɓa ma abin lura ne. Kalangu ganga ce mai siririn ƙugu da fata a baki biyu, an ɗaure su da tsarkiyoyi daga wannan baki zuwa wancan. Makaɗi kan rataya ta a kafaɗa ya matse ta a hammata, in ya danne sauti ya hau, in ya sassauta sauti ya sauka, ta haka take bin hawa da saukar muryar Bahaushe har ta kira sunan mutum ba tare da an buɗe baki ba. To amma a tsarin da, kalangu gangar mahauta ce. Da ita ake sanar da gari cewa an yi yanka, da ita ake zuga 'yan dambe, waɗanda asalinsu ma yawanci 'ya'yan mahauta ne, da ita kuma 'yan mata ke rawa a dandali. Fada tana da nata kayan: tambari da kakaki da algaita da taushi da kotso da jauje. Ibrahim Narambaɗa da kotsonsa na Sarkin Gobir na Isa ne. Musa Ɗanƙwairo a fadar Maradun ya yi wayo. Sarkin Taushin Katsina, sunan sarautarsa kaɗai ya isa ya gaya maka ko na wane ne. Makaɗin fada ubangidansa guda, shi ke ci da shi, ya tufatar da shi, ya ba shi doki da gida, shi kuma ya tsare masa martaba da tarihin kakanni, ya yi wa abokan hamayyarsa habaici. Irin wannan waƙa tana da zurfin hikima, kuma har gobe babu mai ja da Narambaɗa a fagen azanci. Sai dai waƙa ce mai shinge. A ɗaya gefen kuma akwai makaɗan maza da na sana'a, irin su Ɗan Anace da ya tsaya ga 'yan dambe kamar Shago, kowa da rukuninsa.

Shata bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan shingaye ba. Ya ɗauki gangar mahauta ya yi wa sarki waƙa da ita, ya juya ya yi wa direba da ita, da irin muryar, da irin amshin. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suna sanya shi a rukunin makaɗan jama'a, kuma sunan ya dace, domin jama'a ce ubangidansa.

Daga Musawa ya koma Bakori, inda wani ɗan sarautar Musawa, Abdullahi Inde, wanda ke aikin En'e a harkar cinikin auduga da gyaɗa, ya riƙe shi. A nan ya yi auren fari, a nan kuma ya fara zama makaɗi sosai, mai 'yan amshi da makaɗa, yana yawon bukukuwa gari gari. Tauraronsa ya fito fili a 1952 a birnin Kano, wajen bikin 'yan sarki, lokacin da aka aurar da wasu 'ya'yan gidan sarautar Kano a tare a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A 1960 ya tare a Funtuwa, garin da ya zame masa gida kusan shekara arba'in. Funtuwa ba tsohon birni mai ganuwa ba ce. Gari ne da layin dogo da injin gurzar auduga da mahaɗar hanyoyi suka raya, inda motar Zariya ke haɗuwa da ta Gusau da Sakkwato da ta Katsina. Garin baƙi ne, garin 'yan kamasho da dillalai da direbobi, mutanen da suka yi kuɗi da guminsu amma ba su da kakan da za a ambata a waƙar fada. Su ne kasuwar Shata ta farko.

Kasuwarsa ta biyu, wadda ta fi girma nesa ba kusa ba, Kaduna ce ta buɗe masa. Mai karatu ya tuna cewa Kaduna birni ne da Turawa suka zana, suka mayar da hedkwatar Arewa can daga Zungeru a 1917. Ba ta da tsohuwar fada irin ta Kano ko Zazzau, kuma kusan kowa a cikinta daga wani wuri ya zo. Sunayen unguwanninta ma shaida ne, ga Unguwar Kanawa, ga Tudun Nufawa. A arewacin kogi aka tara mulki: majalisar Lugard Hall, ofisoshin ma'aikatu, gidajen ministoci, gidan Firimiya Sardauna, barikokin soja, da unguwannin ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa irin su Tudun Wada da Unguwar Shanu da Kawo. A gari irin wannan, inda Basakkwace ke maƙwabtaka da Babarbare, Banufe da Bakatsine suna layin famfo ɗaya, waƙar sarki guda ɓangare guda kawai take taɓawa. Sabuwar Arewa da ake ƙoƙarin ginawa tana neman muryar da kowa zai ce tasa ce.

A 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin nata na kanta, wato BCNN, bayan Jihar Yamma ta buɗe nata a Ibadan a 1959, Jihar Gabas kuma ta bi sahu a Inugu. Manufar farko ta siyasa ce, a sami kafar da Arewa za ta yi magana da bakinta ba sai ta jira Legas ba. To amma labarai da jawaban ministoci ba sa cika sa'o'in yini. Ala tilas aka buɗe wa makaɗa ƙofa, ana gayyato su ana naɗar waƙoƙinsu a faifai. Wannan kuma ya zo daidai da yaɗuwar ƙaramar rediyo mai batir, wadda tela ke ajiyewa kusa da kekensa, mai shayi ya ɗora bisa teburinsa, makiyayi ya rataya a kafaɗa ya shiga daji. Ta gajeren zango muryar Kaduna ta ƙetare iyaka, ana jin ta a Maraɗi da Damagaram, a arewacin Kamaru da Chadi, da zangunan Hausawa na ƙasar Gana. Shirye-shiryen gaishe-gaishe irin su Zaɓi Sonka sun ba mai sauraro damar ya aiko da wasiƙa ya zaɓi waƙar da yake so a sa. Gidan ya canja suna da mamallaki, talabijin ta koma hannun NTA a 1977, rediyon kuma ya shiga ƙarƙashin hukumar rediyon tarayya a 1978, amma a bakin talaka sunansa bai canja ba, Rediyon Kaduna ne.

A nan ne nake ganin ba mu cika tsayawa mu auna abin da ya faru ba. Kafin rediyo, waƙa takan tsaya inda taro ya watse, in ta yi sa'a ta rayu a bakin 'yan mata masu daka. Suna mai nisa na sarakuna ne da malamai da jarumai. Da Shata ya haɗu da makirfon ɗin Kaduna, sai ya zamana ɗan kasuwar wani ƙaramin gari, ko direban babbar mota, ko dogarin sarki, ko sarkin bori, ko wata mace mai abin hannunta, ana iya sanin sunansa daga Maiduguri har Kumasi, a riƙa rera shi a gidajen da bai taɓa takawa ba. Mutane da yawa a yau sun haddace sunan Umaru Ɗanduna na Gwandu da na Garban Bichi da na Hassan Sarkin Dogarai, alhali ba za su iya lissafa ministocin Jihar Arewa biyar ba. Wannan sauyi ne babba a kan wanda ya cancanci a tuna da shi. A kan titin Yakubu Gowon, inda gidan rediyon yake, akwai kuma ofishin adana tsofaffin takardun tarihi na ƙasa, cike da rahotannin Razdan da Di'o da lissafin haraji da jangali. A Gidan Arewa da ke titin Rabah akwai takardun manya. Amma in kana neman wane ne ke da motoci a hanyar Gusau, wace ce ke juya kasuwa a wani gari, wa aka sani da kyauta, wa aka sani da rowa, to sai dai ka koma ga faifan Shata. Ƙasar Masar ta ga irin wannan haɗuwa tsakanin murya da na'ura, lokacin da rediyon Alƙahira ya mayar da Ummu Kulsum, 'yar limamin ƙauye, mawaƙiyar Larabawa baki ɗaya. Bambancin shi ne ita manyan marubuta ke tsara mata baiti, ƙwararru su ɗora masa sauti, a yi ta gwaji kafin a fito. Shi kuwa namu a tsaye yake ƙera tasa.

Wannan ita ce baiwar da ko maƙiyansa ba su musa ba. Ba ya rubutu, ba ya zaman shirya waƙa irin na makaɗan fada, waɗanda kan kwana suna tufka da warwara tare da yaransu kafin su kai waƙa gaban sarki. Yakan yanko amshi gajere ya jefa wa 'yan amshi, kalangai su kama, shi kuma ya riƙa ɗora ɗiya ɗaya bayan ɗaya daga abin da idonsa ya gani a wurin, ko abin da sanƙira ya raɗa masa na asalin mutum da garinsu da abokansa. Amshin da ake ta maimaitawa shi ke ba shi sararin numfashi da tunanin abin da zai biyo. Hausarsa ba mai wuya ba ce, ba ya cika lulluɓe ma'ana yadda sai an nemo mai fassara, kuma ina jin wannan na cikin dalilan da suka sa wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ne ya same shi da sauƙin shiga. Saboda a tsaye ake yin ta, waƙa ɗaya ba ta fita iri ɗaya sau biyu. Bakandamiyarsa, wadda a ciki yake wasa kansa yana ƙalubalantar sauran mawaƙa, ya yi ta rera ta shekara da shekaru, kowane naɗi da abin da ya ƙaru da abin da ya ragu. Wanda ya ce ya san Bakandamiya, a tambaye shi wacce daga ciki.

Kuma babu abin da ya ɗauka ya fi ƙarfin kalangu. Ya yi waƙar noma, ya yi ta zaburar da 'yan Arewa su tashi su nemi na kansu, ya yi wa sojoji a shekarun yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya yi wa dazuzzuka da garuruwan da ya ratsa. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a watan Yulin 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, a daidai lokacin da wasu masu ilmi a cikinmu ke gardamar ko abin ya faru. Mutumin da ya yi wannan, a ce masa ɗan gargajiya a yi shiru?

Sai dai ba daidai ba ne a wanke shi tas, kamar yadda wasu masoyansa ke yi tun bayan rasuwarsa. Harshen da ke ɗaga mutum shi ne ke kayar da shi, kuma Shata ya san haka, ya kuma yi aiki da shi. Zambonsa masu dafi ne. Gagarabadau waƙa ce da ake jin daɗinta a yau, amma a tuna cewa mutum aka yi wa ita, mai iyali da dangi, kuma na'urar da ta kai yabo Kumasi ita ce ta kai zagin. Akwai waɗanda suka yi masa kyauta don ƙauna, akwai kuma waɗanda suka yi don tsoron bakinsa. Ya wasa masu kuɗi ba tare da ya tambayi inda kuɗin ya fito ba, wannan kuwa ciwo ne da ke jikin sana'ar roƙo tun asali, wanda mawaƙan siyasa na wannan zamani suka gada suka ninka. Sannan ga waƙarsa ta mashaya, wadda ta jawo masa fushin malamai, har yau kuma ana kafa hujja da ita a kansa. Mutumin da ya yi ta shi ne kuma ya yi waƙar yabon Annabi (SAW) da tsofaffi ke saurare suna hawaye. Masu son a zaɓi ɗaya a jefar da ɗaya suna neman wani Shata ne daban da wanda ya rayu.

Wani abin sha'awa shi ne, wannan tirka-tirka tsakanin malami da makaɗi a gida ɗaya ta zauna. Tashar da ke watsa tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga Masallacin Sultan Bello na Unguwar Sarki a watan azumi, ita ce ke sa kalangun Shata in an sha ruwa an huta, ko bayan salla. Akwatin rediyo ɗaya, kunne ɗaya. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 wa'azi a kan kiɗa da bukukuwa ya ƙara ƙarfi, kuma sannu a hankali dandalin da ya haifi Shata ya yi ta mutuwa a garuruwa da yawa, wani wuri saboda wa'azi, wani wuri saboda boko da talabijin, a 'yan shekarun nan kuma saboda rashin tsaro a ƙauyukan Katsina da Zamfara da Birnin Gwari. Ko mutum yana murna da haka ko yana baƙin ciki, ya kamata ya san cewa makarantar da ta yaye irin su Shata an rufe ta.

Ta fuskar dukiya, hannunsa ya ga abin duniya: riguna da dawaki da motoci da kuɗi, kuma an san shi da saurin rabar da su. Amma duk kyauta ce. Kamfanin EMI ya buga faifansa, har ya karrama shi, sai dai da kaset ya shigo a shekarun 1970 kowane mai shago a kasuwa ya zama kamfanin kansa, yana kwafa yana sayarwa, ba wanda ya tuna da mai murya. A ƙasar Yarabawa, takwaransa Haruna Ishola, sarkin kiɗan apala, wanda shi ma da ganga mai magana ya yi suna, ya kafa kamfanin faifai tun a 1969 don ya mallaki abin da ya rera. Makaɗan Hausa ba su bi wannan hanya ba, kuma mu da muka yi boko muka san dokar haƙƙin mallaka ba mu nuna masu ba. Muna dai gayyatarsu biki mu yi masu liƙi.

Siyasa ma bai bar ta ba, kuma a cikinta halinsa na ƙin a ɗaure shi ya fi fitowa. Masu ba shi manyan kyaututtuka sarakuna ne da attajirai, amma zuciyarsa ta fi karkata ga ɓangaren talakawa. A shekarun 1970 ya ci zaɓen kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, lokacin ƙasar Katsina tana ƙarƙashin Kaduna, domin sai a 1987 aka yanke Jihar Katsina. A Jamhuriya ta Biyu ya fara da GNPP ta Waziri Ibrahim, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, kujerar da bai daɗe a kai ba aka tsige shi bayan ya yi karo da jagoran jam'iyyar a jihar, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa. Ba zan ce ya yi fice a siyasa ba. Wanda ya saba faɗin abin da ya ga dama a gaban sarki, da wuya ya iya zaman kwamiti.

Jami'a ta riga sauranmu gane darajarsa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka da nazari a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a al'ummar Hausa da Fulani. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, ɗan tallan alewar Musawa ya sa rigar dokta ya zauna cikin shehunan malamai. An yi tafi, an kuma yi gunaguni. Ni dai tambayar da nake yi wa 'yan uwana ma'aikata da likitoci da lauyoyi, waɗanda ba sa tafiya Abuja sai da Shata a mota, ita ce: mu nawa ne za mu amince ɗanmu ya ajiye takardar digiri ya ɗauki kalangu, ko mu ba ɗan makaɗi 'yarmu ba tare da an yi taron dangi ba? Ra'ayin Ibrahim Yaro yana nan da ransa a falonmu, sai dai ya koyi Turanci.

Akwai kuma aikin da ke jiranmu wanda ya fi wannan gaggawa. Shi kansa Shata bai san adadin waƙoƙinsa ba, kuma har yau suna warwatse, wasu a ɗakunan ajiya na gidajen rediyo da talabijin, wasu a tsofaffin faya-fayan garmaho, wasu a kaset ɗin da wani ya naɗa a gidan biki ya jefa a akwati. Zaren kaset ba ya jure zafi da laima da ƙura. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami, suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah a nan Kaduna, bayan sun bi garuruwa suna neman waɗanda ya yi wa waƙa da waɗanda suka yi masa kiɗa. Ƙoƙari ne na mutane ƙalilan. Abin da ake samu a intanet a yau yawanci babu shekara, babu wurin da aka naɗa, babu bayanin wanda aka yi wa, wani lokaci ma sunan waƙar ba daidai ba. Tsofaffin da za su iya cewa wane ne wannan da aka ambata, me ya haɗa su, a wane biki aka yi, kullum raguwa suke yi. Tsakanin gidan rediyon da Gidan Arewa tafiyar 'yan mintoci ce a mota, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da ta ba shi dokta ita ce ke da Gidan Arewa. Ban ga abin da zai hana a kwafe abin da ya rage zuwa na'urar zamani, a jera shi da shekara da suna, a buɗe wa ɗalibai ba.

A cikin dukkan manyan da ya yi hulɗa da su, babu wanda ya kai Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar kusanci da shi. Bashar ya yi minista a gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna yana Wamban Daura, kafin ya hau gadon sarauta a 1966, kuma waƙar da Shata ya yi masa tana cikin waɗanda aka fi sani a duk abin da ya rera. Duk da haka bai zama makaɗin fadar Daura ba, ya ci gaba da zamansa a Funtuwa yana zuwa inda ya so. A ƙarshen shekarun 1990 ciwo ya kwantar da shi, aka yi jinyarsa a Kano, aka kai shi Jidda aka yi masa aiki, ya ɗan sami sauƙi, ciwon ya dawo. Bai iya shiga hidimar siyasar da ta dawo da mulkin farar hula a watan Mayun 1999 ba. Ranar Juma'a 18 ga Yunin 1999 Allah ya karɓi abinsa a Kano, yana da shekara 76 a duniya. Aka ɗauki gawarsa zuwa Daura, garin amininsa, a can aka yi masa salla aka rufe shi. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa.